Shinge Ba Zai Ceci Badala Ba: Martani Ga Mai Kiran A Killace Ganuwar Kano

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa ya yi kan halin da badalar Kano take ciki, kuma tun daga layukan farko na gane cewa ciwonmu ɗaya. Duk wanda ya bi titin BUK (Jami'ar Bayero) daga Ɗan Agundi zuwa Kabuga, ya ga yadda ganuwa ta koma tsibin ƙasa a wani wurin, a wani wurin kuma ta ɓace ɗungurungum, ba zai ga laifin Malam mai rubutun ba don ransa ya ɓaci. A wajen magani ne muka raba gari. Malam yana so a kewaye abin da ya saura na badala da shingen ƙarfe ciki da waje, a tashi duk mai zama ko mai sana'a a gindinta, a bar mashiga ɗaya ko biyu da mai gadi da tikiti. Shawarar da wasu suka kawo ta a yi hanyar masu tafiya a ƙasa da wuraren hutawa a gefen ganuwar kuwa, ya ce kwaikwayon Turawa ce, kuma jawo jama'a kusa da ginin ƙasa ba abin da zai haifar sai ƙarasa shi.

Da girmamawa nake cewa Malam ya saki ɓarawo ya kama ɗan kallo.

Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: wa ya cinye badala? Ba mai tallan gyaɗa ce ta rushe Ƙofar Na'isa a 2010 ba. Katafila ce ta rushe ta da rana tsaka don a faɗaɗa titi, daga baya aka gina wata da siminti. Ba dattawan da ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar ne suka yanka filaye a jikin ganuwa aka dasa shaguna da benaye ba. Masu takarda ne, takarda mai hatimi da sa hannu, kuma kowa ya ga yadda rigimar rusau ta 2023 kan gine-ginen gefen titin BUK ta kai har gaban kotu. Bayan waɗannan sai masu zuwa da kura ko amalanke cikin dare su ɗebi ƙasa su je su yi gini, sai kuma ruwan sama da ke kwanciya a gindin ganuwa duk damina ba mai yi masa hanya. Shingen ƙarfe zai tare akuya, zai tare yaro ɗan makaranta. Amma mai takarda ba ta shinge yake tsallakowa ba, ta ofis yake biyowa, kuma ranar da ya zo da injiniyansa, shingen ne abu na farko da za a cire. Ruwa kuwa bai san shinge ba.

Akwai kuma abin da Malam bai kawo a lissafi ba, wato abin da ke faruwa a bayan shinge. A garin nan mun ga filaye da yawa da aka kewaye aka kulle aka tafi. Cikin wata kaɗan sai ledoji da shara su fara taruwa, domin mai zubar da shara wurin da ba idon kowa yake nema. Sai wurin ya zama makewayi. Sai ciyawa ta rufe shi, 'yan shaye-shaye su sami mafaka, mata su daina bi ta wajen da zarar an yi magariba. Shi kansa ƙarfen ba ya daɗewa, domin sanda-sanda ake yanke shi a kai wa masu sayen gwangwan. Ganuwar da ta kai kilomita da yawa, masu gadi nawa za a ɗauka su tsare ta dare da rana, kuma wa zai riƙa biyansu bayan gwamnatin da ta kawo aikin ta sauka?

Kowane Bahaushe ya san wannan a gidan ƙasa. Ɗakin da ake kwana a cikinsa yakan shekara aru-aru a tsaye, domin da ya tsage an gani, da indararo ya toshe an buɗe. Ɗakin da aka garƙame aka tafi, damina biyu ko uku ta ishe shi zama kango, ko da ba wanda ya taɓa shi. Badala ginin ƙasa ce, hukuncinta ke nan.

Tarihinta ma abin da ya nuna ke nan. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Da Clapperton, Baturen Birtaniya, ya zo Kano a 1824, ya ƙiyasta kewayenta kimanin mil 15, tsayinta ƙafa 30, ƙofofinta 15. Ƙasa zalla ba za ta yi waɗannan ɗaruruwan shekaru a tsaye da kanta ba. Abin da ya riƙe ta shi ne hannun mutane: ana fitowa gayya a yi yaɓe, ana toshe inda ruwa ya ci, kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, magina da Sarkin Gininsu. Ganuwar ta fara lalacewa ne lokacin da aikinta na tsaro ya ƙare bayan zuwan Turawa a 1903, gayya ta mutu, ta zama kayan da ba na kowa ba. Wato nesantar jama'a ce ta fara kashe ta, Malam kuma yana so a ƙara nesanta su.

Malam ya kawo karin maganar nan ta ido wa ka raina, wai mutanenmu ba sa ganin girman abin da suke gogayya da shi kullum. To, mu duba abin da ya tsira a cikin birni. Marinar Ƙofar Mata tana nan saboda marina suna zuwa aiki kowace safiya. Gidan Rumfa yana nan saboda ana zaune a cikinsa. Gidan Makama yana nan saboda an ba shi aiki, ya zama gidan tarihi da ɗalibai ke shiga suna fita. Kurmi tana nan saboda tana ci. Sassan badala da suka fi lalacewa kuwa su ne waɗanda gidaje suka juya musu baya, ba mai bi, ba mai gani.

Batun kwaikwayon Turawa shi ya fi ba ni mamaki, domin misalin da ya fi kusa da halinmu ba a Turai yake ba, a Alƙahira yake, daf da Jami'ar Azhar da ɗimbin malamanmu suka yi karatu. A gabashin tsohon birnin akwai ganuwar dutse da Salahuddin Ayyubi ya fara ginawa a 1176. Mutane suka yi ta zuba shara da ɓaraguzai a bayanta na kimanin shekara 500, har jujin ya zama tudu ya binne ta, aka kusa mantawa da ita. Da Gidauniyar Aga Khan ta zo mayar da jujin wurin shaƙatawa, sai aka tono ganuwar, tsawon kimanin kilomita ɗaya da rabi, da hasumiyoyinta da ƙofofinta. Ba su kulle ta ba. Sun gyara ta, suka shimfiɗa hanyar ƙafa a gefenta, suka buɗe tsofaffin ƙofofi don mutanen unguwar Darbul Ahmar, talakawan da gidajensu ke jingine da ganuwar, su riƙa shiga ta nan. Sun koya wa 'yan unguwar aikin sassaƙar dutse da kafinta, suka ɗauke su aiki, suka gyara gidaje da masallatai na unguwar maimakon su tashe su. An buɗe lambun Azhar a 2005, faɗinsa kimanin hekta 30, kuma yau iyalan Misirawa ne suka fi cika shi, ba baƙi ba. Abu ɗaya ne ba zan so mu ɗauko daga can ba, shi ne kuɗin shiga. Wurin da za a yi a gindin badala dole ya zama kyauta, domin hanya ce, kuma ba a biya wa hanya tikiti.

Ko a Turan ma, abin da ya yi kyau ba na tsada ba ne. A Atina, babban birnin Girka, wani mai zanen gine-gine da ake kira Dimitris Pikionis ya tsara hanyoyin ƙafa da ke hawa zuwa kufan Akrofolis tsakanin 1954 da 1957. Da tsofaffin duwatsun gidajen da aka rushe a garin ya shimfiɗa su, tare da magina na gida, ya dasa zaitun da itatuwan da da ma ƙasar ta saba da su. Daga baya, kafin wasannin Olamfik na 2004, aka hana motoci bin babban titin da ke gindin tudun, ya zama na masu ƙafa. Ana biya kafin a shiga cikin kufan, amma kewaya shi kyauta ne ga kowa. Darasin shi ne ka yi da kayan ƙasarka da hannun mutanenka, kuma ban ga inda wannan ya zama kwaikwayo ba.

Sai dai dole in ba Malam gaskiya a wuri ɗaya, kuma gaskiya ce mai nauyi. Hanyar ƙafa da aka yi ba bisa sani ba tana iya rushe badala fiye da sakaci. In aka ba ɗan kwangilar da ya saba da titi, abin da zai yi sananne ne: zai malala siminti ko ya jera intalok har jikin ganuwa, ya shafe ganuwar da filasta, ya yi mata fenti. Wannan kisa ne. Ginin ƙasa yana shan laima daga ƙasa, yana fitar da ita ta jikinsa. Da ka rufe shi da siminti, laimar ba ta da mafita, sai ta zauna a ciki ta ruɓar da gindin, filastar ta kumbura ta ɓamɓaro da ƙasar da ke bayanta. Daɓen siminti da ya taɓa gindin gini kuma duk ruwan da ya sauka a kansa can zai fantsama ko ya gangara. Saboda haka amsar damuwar Malam tana cikin yadda za a yi hanyar.

Abu na farko ruwa ne, tun kafin a yi maganar ado. A bar fili tsakanin ganuwa da hanya, ko da taku goma ne inda wuri ya yarda, a yi masa gangare yadda ruwa zai gudu daga ganuwar, ba zuwa gare ta ba. Ita hanyar a yi ta da jar ƙasa da marmara da aka daɓe sosai, ko da dutse da aka jera ba tare da an liƙe tsakaninsa da siminti ba, don ƙasa ta riƙa shanye ruwa. Sannan a tuna da kududdufai. Yawancinsu ramukan da aka haƙa ne aka ɗebi ƙasar gini, kuma su ne suke karɓar ruwan birni idan Agusta ta kankama. Mun cike da yawa daga cikinsu mun yi gini a kai, muna kuma mamakin ambaliya. Waɗanda suka rage a gefen badala a yashe su, a hana zuba musu shara da ruwan kwata, a ɗaure bakinsu don kada yara su faɗa, a sa su cikin tsarin. Ita kanta ganuwar a gyara ta da abin da aka gina ta: ƙasa mai kyau da aka cuɗa da ciyawa, tubali, makuba inda ya dace. Har yanzu akwai maginan gargajiya da suka san wannan aiki, amma tsufa yana cim musu, kuma matasa ba za su koya ba in babu inda za a biya su. A Jenne ta ƙasar Mali duk shekara gari ke fitowa ya yi wa babban masallacinsu yaɓe, ranar ta zama biki. A Agadas hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27 tana tsaye saboda ana sabunta ta, kuma tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. Mu kuwa tun 2007 sunan badalarmu yake cikin jerin masu jiran a duba su, bai motsa ba, domin duk shekara abin da za a nuna raguwa yake yi.

Bayan ruwa sai inuwa. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, hanyar da ba ta da inuwa ba wanda zai bi ta, komai kuɗin da ta ci. Ba ciyawar ado mai neman ban ruwa kullum muke buƙata ba, domin ban ruwa a gindin ginin ƙasa wata cutar ce. Darbejiya da tsamiya da maɗaci sun isa, a dasa su a ɗaya gefen hanyar, nesa da ganuwa, don kada saiwa ta shige ta. A ƙarƙashinsu a yi dakali, irin wanda muka sani a ƙofar gida, mai faɗin da tsoho zai zauna ya miƙe ƙafa. A sa fitilu masu aiki da hasken rana, a ɗaga su sama inda hannu ba ya kaiwa. A yi bandakuna da wurin alwala a tazara mai kyau, da mai kula da su, domin ba za ka hana mutum tsuguno a gindin ganuwa da allon gargaɗi ba alhali ba ka ba shi inda zai je ba. A kuma ware wasu wuraren zama don mata da yara, a fili inda ake ganinsu, saboda wurin da mata suka saki jiki da shi shi ne wurin da ya zama amintacce.

Masu sana'a da Malam ke so a kora su ne masu gadin da ba sai an biya su albashi ba. Mai shayi da ya kafa teburinsa a wuri ɗaya shekara goma ya san duk fuskar da ke wucewa, kuma zai san wanda ya zo ɗiban ƙasa da asuba. A yi musu rajista, a ba kowa gurbi da teburi ko rumfa da ake iya ɗagawa, da sharaɗin shara da tsabta a wuyansa. Abin da ba za a yarda da shi ba ko kusa shi ne shago na bulo. Da zarar an aza bulo ɗaya da sunan raya wuri, to an buɗe ƙofar da aka bi aka cinye sauran, kuma a nan ina tare da Malam ɗari bisa ɗari. Haka nan babur da A Daidaita Sahu ba su da hurumi a kan wannan hanya. A kafa turaku a bakinta yadda keken guragu zai wuce amma mashin ba zai shiga ba.

Hawa kan ganuwa kuwa lalle yana zaizaye ta, kuma yara za su so hawa. Maganinsa ƙaramin shinge na tsirrai ko gajeren ƙarfe da bai wuce gwiwa ba, mai nuna iyaka ba tare da ya ɓoye komai ba, sannan a gina dandamali ɗaya ko biyu a gefe, masu matakala, inda mutum zai hau ya hangi tsawon ganuwar da Dala da Goron Dutse. Ƙafa tana bin inda aka yi mata hanya.

Akwai wani amfanin da ya wuce tarihi. A 'yan shekarun nan Kano ta sami gadojin sama da na ƙasa, a Ƙofar Nasarawa da Gadon Ƙaya da Kabuga da wasu wuraren, duk don mota. Amma yawancin mutanen birni ba su da mota. Dubi ɗalibin da ke fitowa daga cikin gari zuwa tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, ko tsohuwar da za ta tsallaka titi a Na'isa, yadda suke rububin hanya da motoci da ransu a hannu. Hanyar ƙafa mai inuwa da ta haɗa ƙofa da ƙofa, da wuraren tsallakawa masu kyau a kowace ƙofa, buƙata ce ta yau da gobe ko da babu ganuwa. Samun ganuwar ya sa aiki ɗaya zai biya buƙata biyu. Ga kuma hawan Sallah, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2024. Dubban masu kallo za su sami wurin tsayawa da ba saman ganuwa ba.

Inda badala ta riga ta ɓace, ba na goyon bayan a ƙera sabuwa da bulo a shafa mata jar ƙasa a ce ita ce. A ja layinta a ƙasa da jeren dutse ko na itatuwa, a kafa allo da Hausa, boko da ajami, mai bayanin abin da ya taɓa tsayawa a wurin, don yaro ya san inda birni ya tsaya. Talakawan da suka gaji gidaje a jikinta shekara da shekaru kuma kada a tashe su da katafila. A zauna da su ta hannun masu unguwanni, a hana ƙari, a taimaka musu su juyar da ruwan gidajensu daga ganuwar.

Malam zai ce kuɗi fa? Shingen ƙarfe mai zagaye ganuwa ciki da waje ma ba kyauta ba ne, kuma shi in an sace an sace. Ba sai an kama duka lokaci ɗaya ba. A ɗauki yanki guda, misali daga Ɗan Agundi zuwa Na'isa zuwa Gadon Ƙaya, a yi shi da kyau, a bar shi ya sha damina biyu, a ga inda aka yi kuskure kafin a ci gaba. Amma kafin a aza ko dutse ɗaya, hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda doka ta ɗora wa alhakin badala, da hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, da Majalisar Masarauta su auna abin da ya rage, su shata iyakarsa, su buga taswirar kowa ya gani, a kuma haramta bayar da fili a cikin wannan iyaka ko wace gwamnati ce ke kan kujera. Ɗaliban zanen gine-gine da tsara birane na Jami'ar Bayero, waɗanda ganuwar ke ƙofar makarantarsu, za su iya awon.

Malam, alƙalaminka yana da masu sauraro. Ina roƙonka ka janye kiran a kori jama'a daga gindin badala, ka haɗa murya da mu wajen neman a fito da wannan taswira a haramta yanka fili, sannan a fara aikin yanki na farko kafin damina mai zuwa.